Na Kai Gorata Katagum a Sa Mata Igiya

Bari in tona wa kaina asiri kafin wani ya riga ni. Watan jiya, a gonata ta hanyar Bulkachuwa, wani baƙin kare ya taso mini. Na ɗaga gora na kai masa duka da iyakar ƙarfina, gora ta suɓuce ta faɗa cikin dawar maƙwabci. Ni da karen muka tsaya muna kallon inda ta faɗa. Shi ya fara dawowa hayyacinsa, ya tafi da rabin ƙafar wandona. Da labari ya iso gida, 'ya'yana suka yanke hukunci: ba ni ba zuwa gona ni kaɗai. Na ce laifin gora ne, ba ta da igiya. Suka ce to in sa mata su gani.

Maƙwabcina ɗan Kudu mai sayar da kayan janareta ya huda kanta ya zura mata igiyar tayar da inji. Ƙarfi kam akwai, amma cikin kwana biyu ta saɓule mini fatar wuyan hannu. Sai aka ce in je Katagum, akwai tsohon baduku da mafarauta ke kai wa aiki.

Mun tashi daga Azare da asuba, ni da wani aminina da ya ce kifi zai sayo, amma na san dariya ya biyo ni ya yi. Muka sha koko da ƙosai a tasha, ƙosan nan duk ya rame kamar ya yi jinya. Gora ta ƙi shiga mota sai da aka bar kanta a waje ta taga. A hanya an yanke gero, dawa ta sunkuyar da kai, direba kuwa ya san kowane rami kamar ɗakin uwarsa.

Inda muka tsaya sauke wata mata, na ga makiyayi da sanda a kafaɗa, ba ko zare a jikinta. Na tambaye shi. Ya ce, "Baba, abin da ban taɓa ajiyewa ba, me zan ɗaure?" Aminina ya yi dariyarsa ta farko.

A bakin kogi masunta da zaren taru suke ɗaure kulkinsu, dogo, su rataya a kafaɗa don kada ruwa ya tafi da shi. Na gwada na wani, ya dinga dukan gwiwata.

Badukun yana zaune a rumfarsa, warin jima ya riga shi yi mana maraba. Ya shimfiɗa mini igiya iri uku. Akwai zarge, wadda ke shaƙe wuyan hannu in an ja. Akwai saƙa mai jan tuntu, ta 'yan ado. Akwai faffaɗa mara kwalliya da ake saƙalawa a babban yatsa, ta zagayo ta bayan hannu. Ya ce mafarauta ita suke so, don in an kama sandar kana iya saki. Zarge kuwa, duk wanda ya cafke kan gorar zai ja ka kamar akuya.

Ni kuwa na ce zarge nake so, a sa mata tuntun ma.

Ya miƙo mini gorar ya ce, "To, Malam, riƙe mini nan da kyau."

Na riƙe, na cije baki. Da yatsa biyu ya zare ta daga hannuna. Sai ya ce mu je mu ci abinci mu dawo bayan azahar. Muka ci tuwon shinkafa da miyar tarwaɗa, aminina yana ci yana ƙwarewa don dariya. Da muka koma ya miƙo gorar a naɗe cikin buhu, ya ce kada a buɗe a hanya, fatar ba ta sha iska ba.

Kafin magariba muna Azare. Na tara gida na kwance buhu. Ba zarge, ba tuntu. Faffaɗar fata ce mai laushi, ya sauko da ita daidai inda hannu ke sauka in mutum ya dogara. A gindin gorar kuma ya manna guntun tsohuwar taya, irin wadda ake sa wa sandar tsofaffi don kada ta zame. Ban ce ya sa ba.

Abin da na koyo shi ne igiya iri-iri ce, kowa da dalilinsa, amma ban ga wadda ke ƙara wa hannu ƙarfi ba. Gona ina zuwa har yau, a bayan babur ɗin babban ɗana.

Ranar dai matata Hajiya ta karɓi gorar, ta jujjuya ta, ta danna robar da yatsa, ta ce, "Malam, wannan badukun ya fi 'ya'yanka iya magana."