Ruwa a Ƙwan Falo

Jama'a, yau saura ƙiris ku zo mana ta'aziyya a Birnin Kudu!

Ina zaune a falon ɗana Sani, sai na ji ɗis a goshi. Ashe ruwan banɗakin bene ne ya biyo waya ya cika ƙwan lantarki! Matarsa Hadiza ta hau kujerar ƙarfe za ta kwance shi.

Na ce, "Sauko!"

Ta ce, "Inna, ai babu wuta tun jiya."

Na ce, "Sallama take yi miki in za ta zo?"

Na fizgo zaninta. Saukowarta ke da wuya aka kawo wuta. Ƙwan ya yi tau, ya tarwatse!

Masu cewa na cika faɗa, ga Hadiza nan da ranta, ku tambaye ta.