Koshiyar Bahago

Shekarar da gulbi ya cinye mana dawa a fadama, ranar da ruwa ya janye na tsaya bakin gona ina kallon kara kwance cikin laka, na san abin da ke rumbu ba zai kai mu bazara ba. Mazan ƙauyenmu, can gefen Lahodu, suka fara ɗaure kayan cin rani. Ni kuwa matata tana da ciki, na farko da ya zauna bayan shekara bakwai da aure, kuma ba na son tafiya. Ba ni da wata hujja mai nauyi da zan faɗa a gaban maza. Ina son ranar da za ta haihu ina gida, shi ke nan.

Sai na ce sassaƙa za ta riƙe mu. Kawuna ya koya mini tun ina ƙarami, amma shi turmi da akushi ya sani, kuma waɗannan suna son babban icce da dogon lokaci. Abin da nake taƙama da shi koshiya ce, ludayin icce na zuba miya, wadda ni na koya wa kaina. Duk ta gidanmu ni na yi. Na sha ba maƙwabta kyauta, su yi godiya har da sa albarka, ban taɓa lura cewa babu wanda ya dawo neman ta biyu ba.

Ni bahago ne. An yi fama da ni har na koyi ci da rubutu da dama, amma gizago ya ƙi barin hagu. A lokacin zuciyata kusa take, wanda duk ya taɓo maganar hannuna sai mun kwana biyu ba ma gaisawa.

Wata guda na yi ina aiki a gindin tsamiyar ƙofar gida. Kowace koshiya sai na fere mata baki ɗaya siriri don ya shiga miya ba gardama, in ɗan karkata mariƙin yadda zai kwanta a tafi, in gwada ta a ƙwaryar ruwa, sannan in yi mata zane da ƙarfe mai zafi in shafe ta da man shanu. Da suka cika mangala na aza wa jaki, na nufi kasuwar Wurno ina jin kaina.

Mata suka yi ta tsayawa. Kowace ta ɗauka, ta yaba zanen, ta juya ta a hannu kamar tana zuba miya, sai ta ajiye ta yi gaba. Haka har la'asar. Na dawo na ce wa matata matan birni girman kai ya yi musu yawa. Ta ce Allah ya kawo kasuwa, ta zubo mini tuwo.

Na kai Goronyo, na kwana gidan wani ɗan'uwa. Can ma kanwar ja ce, sai wani bafatake da ya ɗauki biyu bai ko duba ba. Na ce mutanen Goronyo masunta ne, me suka sani game da icce. A hanyar dawowa na fara tsorata. Ayarin ƙarshe na masu cin rani zai tashi bayan kwana goma, yayana kuma ya riga ya ce zai kama mini wuri a cikinsu. Na roƙi arziki a bar ni in gwada Rabah.

A Rabah na shimfiɗa tabarma kusa da wata tsohuwa mai tuwon sayarwa, doguwa, mai bakin da ba ya hutawa. Da rana ta take, ludayinta na duma ya tsage. Ta miƙo hannu ko sallama babu ta ɗauki koshiyata ɗaya, ta tsoma a tukunya. Miyar kuka ta biyo mariƙi ta sauka a wuyan hannunta. Ta yi salati, ta yarfe hannu, ta ɗaga koshiyar tana dubawa.

"Ɗana, wa yas sassaƙa wagga?"

"Ni na, Inna."

"Kama ta in gani."

Na karɓa da hagu ban ko yi tunani ba. Ta kwashe da dariya har tana riƙe ciki, masu cin tuwo suka juyo.

"To ai ga ta nan! Koshiyar bahago ta. Bakin yana wancan gehe, mu ko da dama muka zuba miya. Wa za ya saye ta shi ƙone?"

Raina ya ɓaci, na buɗe baki zan mayar mata. Sai na mai da koshiyar hannun dama na gwada a iska. Gefen mai kauri ne ke gaba, mariƙin yana tokare mini babban yatsa. Na ajiye ta a kan tabarma.

"Kana da mata?" in ji ta.

"Ina da ita."

"Da irin waɗanga taka zuba maka miya?"

"Shekara bakwai."

Ta daina dariya. Ta ce, "Allah shi yi mata albarka. In ka koma gida ka dube ta, ka bar duban akushi."

Washegari da yamma na isa gida, na tarar da matata a bakin murhu. Ban shiga ɗaki ba, na zauna kan turmi ina kallo. Ta ɗaga gwiwar hannu sama, ta murɗe wuyan hannun waje kamar mai matse wanki, ta ɗebo miya ta bayan hannu, ta zuba ko ɗigo bai faɗi ba. Kullum a gabana ake wannan, ban taɓa gani ba. Kunya ta rufe ni, tausayinta kuma ya kama ni.

"Maigida, mi kaka kallo?"

Na gaya mata abin da tsohuwa ta ce. Na ce, "Don mi ba ki taɓa hwaɗa mani ba?"

Ta yi murmushi tana goge bakin akushi. "Ranad da kak kawo ta hwarko, tsaye ka yi bisa kaina kana jira in yaba. Mi zan ce? Kwana ukku ina zubda miya, na huɗu hannuna ya gane."

"To da kin ga ina ɗaure su zuwa kasuwa hwa?"

"Wallahi na mance karkatattu na. Ni gani nikai haka koshiya take."

Kwana takwas na yi ina sassaƙa sababbi, bakin a ɗaya gefen, duk a juye nake ganin aikin. Na kawo mata ta farko ta gwada, sai ga miya a ƙasa. Ta sake, ta sake zubarwa. Muka yi ta dariya har ta dafa ciki ta ce in rufa mata asiri. Dole matar yayana ta zama mai gwaji.

Ayari ya tashi babu ni. A kasuwar Wurno matan nan da na ce suna da girman kai suka kwashe kayan kafin azahar, na dawo da gero a mangala. Ina gindin tsamiya da gizago a hannu ranar da aka yi guɗa a cikin gida, mace aka samu.

Matata ba ta taɓa iya zuba miya da koshiyar kirki ba har ta koma ga Allah. Kowace shekara in kaka ta yi, cikin duk abin da zan sassaƙa, sai na ware icce mafi kyau na yi guda ɗaya da bakin a hagu, ba na kai ta kasuwa.