Bolatta da Kayak ɗin Ubanta

A garinmu na gaɓar yammacin Girinlan, in aka ce Bolatta ta ce, magana ta ƙare, ba don an yarda ba, sai don an gaji. Rabin rayuwarta ta yi shi tana ɓarar jatan lande a kamfanin kifi. Ta binne miji, ta raini 'ya'ya uku, kuma duk shekara, da zarar ƙanƙara ta saki teku, ita ke shirya tafiyar kayak zuwa tsibirin da aka haife ta. Ba wanda ya naɗa ta. Ƙungiyar 'yan kayak tana da shugaba da mataimakinsa, amma ranar tafiya bakin Bolatta suke kallo.

Kayak ba kwale-kwalen haya ba ne da kowa zai faɗa ciki. Na mutum ɗaya ne, da jikinsa ake auna shi kamar riga, musamman bakin da zai zura ƙafafu, wanda dole ya kama ƙugu. In ya yi maka yawa, ruwa ya juya shi ya zubar da kai. In ya yi maka kaɗan, ka kife ka kasa fita. Shi ya sa ba a aro.

Tana yarinya a tsibiri ubansu ya auna wanta Enok, ita ce ma ta riƙe igiyar awon. Da aka gama ta juyo da ƙugunta ta ce saura ita. Uban ya yamutsa hanci, wanda a wajenmu shi ne a'a, ya miƙa mata allura. Mata su ɗinka fata, maza su shiga. Ta ɗinka. Daga baya hukuma ta kwashe mutanen tsibirin zuwa gari domin ci gabansu, aka bar kaburbura su ci gaba su kaɗai. Enok ya taho da kayak ɗinsa da kuma maganar uba, ya yi ta gyara su biyun tsawon shekaru, yana sake wa ɗaya tamfol, yana maimaita ɗayar.

Sai da ta haura arba'in ta ƙera nata a bayan kamfani, da katakon da aka yar. Enok ya zo wucewa ya tsaya.

"Akwatin gawa kike haɗawa?"

"Naka ne, Yaya, in ka ƙara magana."

Ta koyi tuƙi, ta sha ruwan gishiri iya shanta, ta koyi juyi, wato mutum ya kife ya sake miƙewa yana cikin kayak ɗinsa. Da ta fara shirya tafiyar tsibiri ta kafa doka ɗaya: rago a gaba, gwani a baya, kuma ba a raba ayari. Kowane sabon shiga ta haɗa shi da mai iya juyi a gefensa. Jirgin inji ya biyo da fulas ɗin gahawa da busasshen kifi da tsofaffi. Dalilinta shi ne ruwanmu ba ya ba mutum lokacin yin nadama, kuma wanda aka bari a baya ba a ganin faɗuwarsa.

Gwanaye ba su taɓa son dokar ba. Shugaban ƙungiya, Pavia, matashi ne da ke iya kifewa ya miƙe da dutse a hannu, abin da ba a taɓa buƙata a teku ba amma ana ba da lambar yabo a kansa. Yakan ce a tafiyar Bolatta har duwatsun ƙanƙara suna wuce su.

Akwai kuma batun sabulu. Shekaru sun ƙara wa Bolatta faɗi, kayak ɗinta bai ƙara ba. Kafin ta shiga sai ta goga sabulu a bakinsa, fita kuwa sai mutum biyu sun ja ta kamar toshiyar kwalba, suna kallon sama. Gari duka ya sani. Ba wanda ya gani.

A bana Enok ya dawo daga asibiti a Nuuk, babban birnin ƙasar, likitoci sun cire abin da za su cire, suka ce ya je gida ya huta, da irin muryar da ake faɗa wa wanda ba a sa ran ya dawo. Ya rame har agogonsa yana zamewa zuwa gwiwar hannu. Bai taɓa bin ayarin ƙanwarsa ba, don a cewarsa bai san mata da jan ragamar maza a ruwa ba. Amma ya aiko jikarsa da saƙo cewa bana zai je tsibiri, kuma da filafilinsa zai je, ba a zaune tsakanin fulas-fulas ba.

Aka gwada shi a bakin tashar jiragen ruwa ana jajibirin tafiya. Ya shiga kayak ɗin da ubansa ya ƙera masa, ya zauna a ciki kamar cokali a tukunya. Ƙaramar igiyar ruwa ta zo, kayak ya karkata dama, Enok ya zame hagu, sai da Pavia ya cafke shi.

Pavia ya ja Bolatta gefe. "Goggo, ki duba Allah. Baba ya shiga jirgin inji. Ko kuma mu raba ayari, mu masu ƙarfi mu wuce, ku ku zagaya bakin tasha ku dawo, a ce an yi."

"A ce an yi? Ni na yi maka kama da taron ƙungiya?"

"In ya kife fa?"

"To amfaninka me ne ne a baya? Ado?"

"Goggo, ni ne shugaba. In Baba ya shiga wannan kayak ɗin, gwanaye ba za su je ba."

"Kakarka tana tsibirin nan, Pavia, ƙarƙashin duwatsu. Sai in gaya mata kana gaishe ta, sauri ne ya hana ka zuwa."

Ta tafi gida tana huci, don ta san yaron yana da gaskiya, kuma ba abin da ke ɓata mata rai kamar gaskiya a bakin yaro. Enok ba zai kai ko bakin mashigi ba a wannan kayak ɗin. Cusa masa tsummoki ba zai riƙe ƙugu ba. Ƙera sabo kuwa sai wata shekarar, kuma wata shekarar ba da shi za a yi ta ba.

Da safe kowa ya hallara, har gwanayen da ba za su je ba, sun zo da kayak ɗinsu don kawai su ga yadda ba za su je ba. Bolatta ta sauke nata a gaban Enok.

"Shiga, Yaya."

Ya dubi kayak ɗin, ya dube ta, ya yamutsa hanci sak irin na ubansu.

"Na mace? Kuma na aro? Gara in mutu."

"Wannan ai an riga an shirya maka shi. Ni maganar yau nake yi."

"Ke Bolatta, tun kina yarinya ba ki da kunya."

"An auna ni ne balle a san ko ina da ita?"

Wani ya yi dariya ya mai da ita tari. Enok ya juya baya, ya fara doguwar magana a kan yadda ake yi a da, yana nuna wa matasa teku da sandarsa. Kafin ya juyo, Bolatta ta ja kayak ɗinsa zuwa ruwa, ta zura ƙafafu, ta zauna. Ba sabulu, ba nishi. Bakin ya kama ƙugunta cif, kamar ranar nan a tsibiri ita aka auna. Ta tura da filafili ta yi nesa kaɗan, inda sanda ba ta kaiwa.

"Ɓarauniya! Fito min daga kayak ɗin ubana!"

"Uban wa? Ni a kwandon kifi aka tsince ni? Ga zaɓi nan, Yaya: ko nawa, ko fulas."

Matar da ke kula da gahawa a jirgin inji, wadda ba ta da laifin komai, ta matsa ta yi masa wuri, har ta karkaɗe masa matashin zama. Enok ya dubi matashin zaman nan ya daɗe. Sannan ya jefar da sanda, ya ce wa Pavia, "Kai, riƙe min wannan akwatin gawar."

Ya shiga. Kayak ɗin ya rungume shi. Ya karkata dama da gangan, kayak ya bi shi, ya dawo. Ya shaƙi hanci.

"Me ya sa yake ƙamshin wanki?"

Duk aka kalli sama.

"Ya yi maka daidai?" Bolatta ta tambaya daga ruwa.

Enok ya kau da kai wajen teku don kada ta gani, ya ɗaga gira, wanda a wajenmu shi ne i. Kowa ya gani.

"To, rago a gaba," in ji ta.

"Ni ne ragon?"

"Kai ne shugaba, Yaya. A wajena duk ɗaya ne."

Haka aka tafi, Enok a gaba, yana tuƙi uku ya huta, Bolatta dab da shi, sai malamar makaranta da ma'aikatan kamfani biyu da ba su taɓa fita mashigi ba, kowanne da gwaninsa a gefe. Can baya Pavia, yana tuƙi da yatsu biyu, idonsa bai bar bayan tsohon ba. Wani dutsen ƙanƙara ya wuce su. Sau biyu Enok ya tsaya yana haki, ayari duka ya tsaya, Bolatta ta ce ita ce ta gaji, ya ce dama ya san za a yi haka da mata.

Sun isa tsibiri gahawa ta huce. Bolatta ta fito da kanta, mutum biyun da suka saba janta suka tsaya hannu a sake. Aka ɗauko Enok aka zaunar da shi a kan dutse, fuskarsa na kallon gangaren maƙabarta, inda ubansu yake kwance. Sai ya ga ƙanwarsa ta ɗora kayak ɗin uba a kafaɗa ta nufi can.

"Ke, ina za ki da shi? Kada ki gaya wa Babanmu wanda ya shigo da shi."

"Abin da ya kawo ni ke nan," in ji Bolatta, ta gyara shi a kafaɗa ta ci gaba da hawa.