Baho, Ampul Biyar da Fuskar Gwaggo Dije

Daga Madawa

Ranar Litinin, ƙarfe biyar da minti ashirin na asuba, na fito gida da baho a ka kamar mai tallar kunu. Cikin bahon akwai ampul biyar, gwangwanayen madara huɗu, waya a nannaɗe da ledoji rawaya. Kayan aikina ke nan kaf. Shekara takwas ni ne mai fitilar ƙungiyar teyatur ɗinmu ta Madawa, kodayake da rana gyaran rediyo da fanka nake yi a bakin kasuwa. Takardar gayyata ta ce za a yi taron kwana biyu a Maraɗi, na masu haske da sauti da ƙawata dandalin wasan kwaikwayo, kuma kowa ya zo da kayan aikinsa ya baje. Ni kuwa taron da na sani a duniya na suna ne da na biki.

Ba yawon buɗe ido ya fitar da ni ba, Gwaggo Dije ce ta taso ni. Ita ce tsohuwar da mutane ke barin tuwonsu su zo kallo, kuma duk wasanta a fuska yake: in ta ɗaga gira ɗaya ta gama da miji da surukai da mai gari. A wasanmu na ƙarshe tana kukan gonarta da anka ƙwace, hawaye na gaske, sai fili ya ɗauki dariya, don fitiluna sun mayar da ita fatalwa. Da anka tashi ta kira ni gefe ta ce, "Hamisu, ka je Maraɗin nan ka samo mini fuskata. In ka dawo hannu rabbana na ajiye wasa, in koma goyon jikoki." Kowa ya san ran da Gwaggo ta ajiye, ƙungiya ta mutu.

A tasha direba ya dubi bahon ya ce, "Malam, wannan ai kujera guda ne."

Na ce, "A cinyata zai zauna, kuma ba ya cin gyaɗa a mota."

Munka tashi shida da minti goma, mu goma sha tara, buhunan albasa a sama. A shingen jandarma wani dogo ya duba takardunmu, ya ɗaga ledojin ya leƙa.

"Wannan fa?"

"Kayan teyatur ne, ranka ya daɗe."

"Wa za ku yi wa wanka a teyatur ɗin?"

Mota duk ta kwashe da dariya, har da wata tsohuwa da na rantse barci take yi. Takwas da kwata munka tsaya Gidan Rumji, na ci ƙosai mai zafi a tsaye. Tara da minti biyar na sauka Tibiri, bayan tafiyar kilomita wajen ɗari da hamsin, gwiwoyina sun sandare a ƙarƙashin baho.

Tibiri da Zariya, rana ta farko

Masaukina gidan Mushe Yakuba ne, malamina na lakwal, wato makarantar boko inda muke ce wa malami Mushe, tun ina aji uku. Kirista ne, ya yi ritaya, kuma shi ke shirya wa cocinsu wasan Kirsimeti kowace shekara, saboda haka yana ganin shi ma ɗan sana'a ne. Na ajiye jakar tufafi, na sha fura, na hau kabu-kabu. Kilomita goma sha biyu ne zuwa Maraɗi, mai babur ya cinye su kamar ana bin shi.

Zauren taron a unguwar Zariya yake. Ina sa ƙafa a ƙofa na tsaya cik. Tebura jere, a kansu fitilu masu juya kai da kansu kamar mujiya, bafil-bafil na ƙara sauti da sunka fi ni tsawo, da wani allo mai maɓallai fiye da haƙoran mutum goma. Mutanen Yamai da Damagaram na ta yawo da igiya a wuya suna Faransanci ta hanci. Na dubi bahona, wallahi har da tsagewa a baki wadda na ɗinke da waya. Na juya a hankali na kai wa mai gadi.

"Baba, a ajiye mini wannan. Saƙon wani ne."

Ya ce, "Allah ya kai shi ga mai shi."

Anka rataya mini igiya mai sunana, anka ba ni jaka da biro da littafin rubutu. Wanda ya fara magana wani ne da kowa ke ce wa Injiniya, mai kwat cikin zafin kaka. Awa biyu yana danna maɓalli zaure na koma ja, kore, shuɗi. Na rubuta duk abin da na ji, ko rabi ban gane ba. Abin da na gane sarai shi ne hutun shan kafe: na ci fanke huɗu da sanwic biyu, na sa ɗaya a aljihu don Mushe. Da la'asar na bi tebura na tara takardun talla har jaka ta yi ciki.

Da magariba na zube su gaban Mushe a tabarma, muna cin tuwon gero da miyar kuka. Ya ɗaga ɗaya ya juya ta, ya saukar da madubin idonsa.

"A wace takardar fuskar Dije take?"

"Mushe, ai sai an bi a hankali."

"Ka yi tambaya?"

"Wurin ba na irin tambayata ba ne."

"Tun kana aji uku haka kake. Ka fi son a ba ka sifili da a ji ba ka sani ba. Ina bahon?"

Na ce yana wurin ajiya. Ya cinye sanwic ɗin da na kawo masa yana yi mini wani kallo da ya fi bulalarsa ta da zafi.

Rana ta biyu

Na kwana na tashi da niyya. Goma da rabi anka ba da damar tambaya, na ɗaga hannu, anka miƙo mini mikoro. Ina jin muryata ta fito ta bafil sai zuciyata ta karaya. Maimakon in ce tsohuwarmu na zama fatalwa, sai na ji bakina yana tambayar ko allon nan yana iya ɗaukar fitila ɗari biyu a lokaci guda. Ni da nake da biyar! Injiniya ya ji daɗi, ya yi minti ashirin yana amsawa, ya ce tambaya ce ta ƙwararre. Na zauna ina gyaɗa kai, ina zagin kaina a ciki.

Wata mata ce zaune kusa da ni, Madam Zalika, mai tsara hasken wasa daga Yamai, ba ta da surutu, kuma kullum da ƴar tocila a hannunta. Ta ce, "Dandalinku babba ne ke nan, Malam Hamisu."

Na ce, "Ba laifi, Madam." Dandalinmu kuwa filin da ake sayar da awaki ne ran kasuwa.

Jiratawa

Ƙarfe huɗu na yamma anka kwashe mu a bas biyu zuwa Jiratawa, tafiyar rabin awa, don a gwada kayan a fili gaban manoma. Wuri ne kore shar, ruwa na gudu a magudanai, zogale ko'ina. Anka kafa dandali dab da gonaki, anka tada gurup mai ba da wuta, anka ɗaure fitilu farare tas guda goma sha biyu. Ina ganin farin nan, ga fadama, ga ƙarshen damina, na san abin da ke tafe. Wa zai gaya wa Injiniya?

Bayan sallar magariba anka kunna, ƴan wasa sunka hau dandali. Minti biyar na farko abin ya yi kyau, har manoma na tafi. Daga nan baƙi sunka iso. Fara, gyare, buzuzu, ƙananan ƙwari kamar hayaƙi, da hangara mai barin bororo a wuyan mutum, duk ƙwarin Gulbin Maraɗi sunka amsa gayyata ba igiya a wuya. Wanda ke wasan sarki ya buɗe baki zai yanke hukunci, wani abu ya shige, ya durƙusa yana kakari. Matar sarki ta yar da gyale ta yi ta kanta. Manoma kuwa dariya har da riƙe ciki, wani dattijo na cewa, "Mu ko tocila ba mu kunnawa a nan warhaka!" Injiniya ya ƙara haske don a ga abin da ke faruwa, ƙwari sunka ƙara godiya.

Dariyar nan ce ta tsaya mini a rai, don irinta anka yi wa Gwaggo. Ban san lokacin da na miƙe ba. Na je wurin wata mai sayar da dambun zogale na ce, "Inna, ara mini bahonki, don Allah."

"Dambun fa?"

"Juye a tire, yanzu zan dawo da shi."

Na ɗebo ruwa a magudana, na barbaɗa garin sabulu, na kai bahon taki talatin bayan ƴan kallo. Sannan na tsaya gaban Injiniya.

"Ranka ya daɗe, a ba ni farar fitila guda in rataya can bisa baho. Sauran kuma a mayar da su rawaya, in allonka na iyawa."

Ya sha mur. "Allona na iya launi dubu."

"Guda ɗaya muke so."

Madam Zalika ba ta jira shi ba, ta kwance fitilar da hannunta. Injiniya ya danna, dandali ya koma kalar man shanu. Kafin minti goma yawancin baƙin sun bar sarki sun koma ga farar fitila, suna faɗawa ruwan sabulu. Sarki ya sha ruwa ya yanke hukuncinsa da guntuwar murya.

Madam ta same ni tsugune bakin baho. "Ina ka koyi wannan?"

Nan dai ƙarya ta ƙare. Na gaya mata babu fitila ɗari biyu, ampul biyar ne: guda fara ta yaudarar ƙwari, huɗu cikin gwangwani da leda rawaya a baki. Na gaya mata filin awaki, da bahon da ke hannun mai gadi, da Gwaggo Dije da gonarta da dariyar da anka yi mata.

Ta ce, "Gwangwanayen a ina kake ajiye su?"

"A ƙasa mana, gaban ƴan wasa."

"Don me a ƙasa?"

Don a nan magabatanmu ke jera aci-balbal tun kafin a haife ni. Da ampul ya zo, na ɗauke aci-balbal na ajiye shi a gurbinta, shi ke nan. Ba wanda ya taɓa tambayata, ni ma ban taɓa tambayar kaina ba.

Ta kira mai dambu, ta ce Inna ta tsaya. Ta kunna ƴar tocilarta ƙarƙashin haɓar matar: ga fatalwa sak, idanu sun zurma, hanci ya yi inuwa har goshi. Sai ta ɗaga tocilar sama da kai, ta kauce gefe kaɗan. Ga mace, ga gira, ga zanen fuskarta, har ana ganin haushin dambunta da ke shan iska a tire.

"Sanda biyu dogaye, ɗaya dama ɗaya hagu. Ledar kuma ninki ɗaya ya isa."

"Shi ke nan, Madam?"

"Shi ke nan. Kwana biyu muna kujera ɗaya, me ya hana ka tambaya?"

Kafin in sami amsa sai ga Injiniya da littafinsa, yana sosa bororo a wuya, yana son sanin taki nawa ake sa baho.

Komawa gida

Laraba bakwai na safe na karɓi bahona wurin mai gadi. Ya ce, "Mai saƙon bai zo ba?" Na ce, "Ya zo, Baba, ni ne." A Tibiri na bar wa Mushe takardun talla duka, matarsa ta ce za su yi amfani wajen hura wuta. Mushe ya sa na zana masa sandunan nan biyu a ƙasa, don mala'ikunsa na Kirsimeti ma, in ji shi, shekara da shekaru tsoro suke ba yara. Motar Madawa ta tashi tara da rabi, munka sauka ana kiran azahar. Ban shiga gida ba sai da na sayi gora biyu.

Ina gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Ina gode wa Mushe Yakuba da iyalinsa, da Madam Zalika, da Inna mai dambu wadda na mayar wa baho yana warin buzuzu, da ƙwarin Jiratawa da sunka yi mini tambayar da na kasa yi.

Bayan magariba na kafa gorar nan biyu a tsakar gidan Gwaggo, ƴan ƙungiya sunka taru. Ta tsaya tsakiya, ta tura jikarta can bakin zaure, nesa iyakar gida. Na haɗa waya da batir. Gwaggo ta yi wani ɗan motsi.

"Me na yi?" ta ƙwala wa jikar.

"Kin ɗaga girar hagu!"

Sannan ta fara maganar gonar nan a hankali, daga farko har ƙarshe, hawaye na gangarowa, kowane ɗigo ana ganinsa. Ba wanda ya yi dariya. Ni kaina da na ji ta sau ashirin sai da na share ido da hula.

Ta goge fuska da bakin zane ta juyo kaina.

"Yanzu Hamisu, shekara takwas kana binne mini fuska saboda gora biyu? Har sai ka je Maraɗi?"

"Har Jiratawa, Gwaggo."

"Allah ya shirye ka. Alhamis bayan la'asar akwai gwaji, kuma ka ɗaga ta hagun nan kaɗan, nan ne gefena mai kyau."