Mijina, Gawar Makarantar 'Yan Sanda

Mijina kafinta ne, kuma in ka ga kujerar da ya haɗa ba za ka raina shi ba. Amma a makarantar horar da 'yan sanda inda yake aiki, ba wanda ke kiransa kafinta. Daga mai gadi har Kwamanda, Marigayi suke ce masa, shi kuma ya amsa da fara'a.

Abin ya samo asali ne daga barcin rana. An aike shi gyaran tebur a ɗakin da ake koya wa kurata binciken mutuwa, ya shige ƙarƙashin teburin da guduma a hannu, barci ya sace shi. Sufeton da ke koyar da darasin ya shigo da ɗalibansa, suka ga ƙafafu sun leƙo, wani ƙato a cikinsu har ya fara salati. Da ma Sufeto ya gaji da cusa tsumma a tsohon kaki yana cewa ga gawa. Tun daga ranar mijina ya samu aiki na biyu.

Ni ce na sha wahalar wannan ɗaukaka. Ni ke wanke jan fentin da suke zuba masa a riga da sunan jini. Ni ke goge shuɗin da suke shafa masa a gadon baya, wai don kurata su gane jinin mamaci yakan kwanta a ɓangaren da ke ƙasa, in an ga tabon a sama to an juya gawar. A falona yake atisaye. Sai in fito daga kicin in tarar da shi a ƙasa, hannu a sanƙare kamar icce.

"Baban yara, tashi in share wurin."

"Ɗaga hannun nan ki ji. Sufeto ya ce gawa daga muƙamuƙi take fara sanƙarewa, sannan ta gangaro. Kin ji yadda na yi?"

"Na ji. In ka gama mutuwa, ƙofar banɗaki na jiranka."

Ƙanwata ta taɓa shigowa ta same shi haka, ta yar da jakarta ta kurma ihu. Har yau ba ta yafe masa ba.

Gaskiya ya iya. Ƙuda ya sauka a hancinsa ba zai motsa ba. Kurata su kewaye ɗakin da igiya mai ruwan ɗorawa, su sa safar hannu, su ɗauki hotonsa ta kowane gefe kafin su taɓa komai, su auna daga kansa zuwa bango, su tsince gashi da guntun sigari su zuba a ambulan, shi yana kwance abinsa.

Sai dai yana da lago ɗaya: cakulkuli. Dokar farko da Sufeto ke koya musu ita ce, kafin igiya, kafin hoto, a duba ko mutum na da sauran rai, a ɗora yatsu biyu a wuyansa a ji bugun jini. To mijina ko inuwar yatsa ta doso wuyansa sai ya ƙyalƙyale da dariya, ajin ya watse. Don haka duk sabbin kuratan da suka zo, sai ya ja su gefe.

"'Ya'yana, ku rufa min asiri. Ku kawo hannu kusa kawai, ku ce babu rai, ku wuce."

Su ma abin ya yi musu daɗi. Haka aka yi ta yaye 'yan sanda masu duba bugun jini a iska.

Ana nan sai makaranta ta sayo mutum-mutumin roba, mai gashi, mai haƙora, har da raunukan da ake liƙa masa a cire. Aka ce Kwamanda zai zo ya kalli darasi da mijina, ya kalli wani darasin da robar, sannan ya zaɓi wanda za a riƙe. Ban taɓa ganin kishi irin wannan ba. Da aka ce mijina ya yi wa robar akwatin ajiya, sai da ya rage tsawon da gangan.

Ranar gwajin na ajiye masa karin kumallo ya ture. Wai in ya ci zai yi gyatsa, in ya sha ruwa fitsari zai matsa masa. Ga shi da ciwon suga, kuma ya riga ya sha maganinsa.

"Ka sha magani ba ka ci komai ba? Kanka ɗaya kuwa?"

"Maman yara, yau ɗaya dai. Robar nan ba ta gyatsa."

Na bi shi da faɗa har bakin ƙofa, ya hau kekensa ya tafi.

Sauran labarin a asibiti na ji shi. A ajin an kwantar da shi kusa da taga, rana na dukansa, aka ɗan jira Kwamanda. Da aka fara, kurtun farko ya kai hannu kusa da wuyansa yadda aka saba, ya ce babu rai. Aka ja igiya, aka ɗauki hoto, aka zana taswirar ɗaki. Kwamanda na ta gyaɗa kai, yana cewa bai taɓa ganin mai rai ya mutu haka ba. Wani ma ya taɓa hannunsa ya yaba yadda ya yi sanyi.

A cikin ajin akwai wata yarinya da suke wa laƙabi da 'Yar Ƙa'ida, don ko layin cin abinci ba ta tsallakewa. Ranar da mijina ya roƙi 'yan ajinsu ba ta ce masa e ba, ba ta ce a'a ba. Ita aka ba aikin duba tufafin gawa. Ta ga wuyan rigar ya jiƙe da gumi, ta cire safar hannu, ta danna yatsu biyu a wuyansa sosai. Duk ajin suka dafe baki suna jiran dariya.

Bai yi dariya ba.

"Yallaɓai, Baba ba wasa yake ba," in ji ta. "Jininsa na bugawa da sauri, kuma ba ya ji na. A kira nas!"

Sugansa ne ya faɗi, ya suma tun ana jiran Kwamanda. Likita ya ce da sun tsaya sun gama aune-aunensu, da hotunan nan sun yi amfani.

Da na iso asibitin, yana kwance ana masa ƙarin ruwa, fentin jini na nan a rigarsa. Na shigo da faɗa cike da bakina, amma ina ganinsa sai na zauna a bakin gado na yi kuka, don na tsorata ƙwarai. Ya buɗe ido, abin da ya fara tambaya shi ne wa ya ci, shi ko robar.

Shi ya ci. Kwamanda ya ce robar ba ta da bugun jini da za a duba, don haka ta zauna a akwatinta, ƙafa a lanƙwashe. Amma ya kafa sharaɗi: duk kurtun da bai sa Marigayi dariya ba ya faɗi darasin. Yanzu daga bakin get ɗin makarantar ana jiyo ƙyalƙyalarsa, kuma ba ya fita daga gidan nan sai ya cinye abin da na ajiye masa.

Ni ma na ɗauki darasin. Mutum ne mai nauyin barci, ba ya ko juyi. Kullum da safe, kafin in sauko daga gado, sai in kai yatsu biyu wuyansa in jira. In ya yi dariya ya ture hannuna, sai in tashi in ɗora ruwa.