Keken Baba a cikin huhun goro

Shekarun baya, lokacin ina saje a barikinmu da ke wajen Ojoo, aka tura ni aiki wata ƙasa a Turai na shekara biyu, ni da wani ogana. Aikin ba na bindiga ba ne, na ofis ne da tuƙi da "to, ranka ya daɗe". An ce mu tafi da iyali, aka ba kowa ɗan wuri a kwantena ya zuba kayansa, kayan su bi jirgin ruwa daga Legas, mu kuma mu bi ta sama. Aka ja mana kunne sosai: ban da abinci, ban da ganye, ban da duk abin da ya fito daga gona. Maiɗakina ta yi ta mita saboda daddawarta, amma ta haƙura.

Ni ɗan Sabo ne, unguwar Hausawa a nan Kudu, nan aka yanke min cibiya. Mahaifina tsohon ɗan goro ne, kuma a zamaninsa in ana maganar ɗaurin huhu, wato ƙunshin goro da ake shimfiɗa wa ganye a naɗe da buhu a tamke da igiya, to shi ake kira. Fatake daga Kano sukan jira shi ya gama na wani kafin ya zo kan nasu, don sun san in ya ɗaure, goro zai isa Arewa kamar yau aka ɓare shi. Yana da wani baƙin keke, na ƙafa biyu fa, ba wanda ake haya yanzu ba, wanda ya girme ni nesa ba kusa ba. Da shi ya yi ta zirga-zirga tsakanin Sabo da kasuwar Shasha har yanar ido ta fara rufe masa gani, sannan ya jingine shi a zaure. Ko mu 'ya'yansa ba ma hawa sai da izini, izinin kuma ba ya fita.

Ranar da na je yi masa sallama, bayan la'asar, muna zaune a zauren, ya yi min addu'a ya gama, sai ya nuna keken da sandarsa.

"Soja," haka yake kirana, "ni ban taɓa ƙetare ruwa ba, kuma ba na jin zan ƙetare. Ka tafi da wannan. Ka hau shi a can, a ɗauke ka hoto, ka aiko min tun idon nan yana ɗan gani."

Ni kuwa a ƙasan raina ina lissafin yadda zan shiga ƙasar mutane da wannan tsohon ƙarfe, inda aka ce kekuna har a bola ake tsintarsu. Na ce masa to. A gidanmu ba a ce wa Baba wani abu ban da to.

Na ce zan turo yaran bariki su kwance keken su sa a kwali. Ya dube ni kamar na zage shi. Kwali? Ya ce shi da ya ɗaure kayan da suka je har Agadas, ba za a sa masa keke a kwalin taliya ba, shi zai ɗaure abinsa da hannunsa. Mahaifiyata tana daga ciki tana yi min alama da ido in bar shi. Na bar shi, na koma bariki ina ta fama da takardu. Kuskurena ke nan, ban tsaya na ga ɗaurin ba.

Da motar kaya ta biyo ta Sabo, sai ga abu an fito da shi, mutum biyu suna nishi: huhu ne sosai, zagaye, an naɗe shi da buhun algarara, igiya ta sarƙe shi ta ko'ina, ko yatsa ba ya shiga. 'Yan unguwa suka taru suna yaba aiki. Baba yana tsaye yana shafa igiyar yana murmushi, rabon da in ga fuskarsa haka tun kafin ciwon idon. Na rubuta "keke" a jikin buhun, aka ɗora, mota ta tashi.

Muka isa, muka sha sanyi, muka fara sabawa. Duk ranar Juma'a in na kira gida, kafin Baba ya tambayi jikokinsa sai ya tambayi keke. In ce yana kan ruwa. Mahaifiyata kuwa ta ce min a ɓoye idon hagu ya riga ya rufe, na dama ne ya rage, shi ma sai ya kawo abu dab da fuska. Wannan maganar ta zauna min a rai.

Bayan kusan wata biyu aka kira mu tashar jirgin ruwa mu karɓi kaya. Muka je ni da ogana, cikin kaki, a goge tsaf. Kayan kowa ya wuce lafiya, sai nawa aka ware gefe guda, an zagaye shi da jan ƙyalle. Tun daga nesa na jiyo warin. Ma'aikatan kwastan sun sa safar hannu da abin rufe hanci, sun yi ta fama da igiyar Baba sun kasa kwancewa, sai da suka kawo wuƙa. Da buhun ya buɗe, inna lillahi! Ganyen fita ne, irin wanda ake shimfiɗa wa goro, jere bisa jere, ya ruɓe ya yi baƙi ya yi yauƙi. A tsakiya ga keken Baba an kwance shi gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa an naɗe ta da ganyenta daban, cikin tsari kamar za a kai wa amarya. Kuma duk ya yi ja wur da tsatsa.

Nan take na gane abin da ya faru. Ɗan goro ba ya ɗaure kayan tafiyar nesa a bushe. Sai ya yayyafa wa ganye ruwa, shimfiɗa bayan shimfiɗa, don kada kaya su yi yaushi a hanya. Hannun Baba ya yi abin da ya saba yi tun kafin a haife ni, ya shayar da ƙarfe ruwa, ya rufe, aka sa a kwantena mai zafi wata biyu.

Wata ma'aikaciya, ita ce babbarsu, ta yi bayani a natse cewa dokarsu ita ce duk kayan da ya shigo da ganye irin wannan ƙona shi ake yi gaba ɗaya. Ogana ya juyo ya watsa min wani kallo, ya tambaye ni ta haƙora ko ni ba a karanta min dokar ba ne. Ni dai ban ma ji kunyar ba a lokacin. Abin da nake gani kawai shi ne Juma'a mai zuwa, da muryar Baba yana cewa ina keke.

Ban san lokacin da na cire hular kaki na riƙe a hannu ba. Da ɗan guntun Turancina na gaya wa matar nan komai: waye mai keken, me ganyen yake nufi a wurinmu, da idon da ya rage guda ɗaya. Na ce ta ƙona ganyen da buhun da igiyar, ta ƙona har tayoyin in ta ga dama, amma ta bar min ƙarfen. Ta tsaya tana kallon yadda aka naɗe ƙararrawar keken ita kaɗai a cikin ganye, an ɗaure ta da zare. Ta je ta yi magana da wani, ta dawo ta ce za su wanke ƙarfen da magani su riƙe shi na ɗan lokaci, sauran kuma wuta. Da muka koma zan sauka daga mota, ogana ya ce, in keken ya tashi shi ma yana son ya ɗana.

Da aka ba ni, sai na mai da barandar gidanmu garejin gyara. Kullum in na taso aiki, ni ne da kananzir da tsumma da takardar goge ƙarfe. Maiɗakina tana leƙowa ta taga tana cewa an turo mutum Turai ya zama bakanike. Sarƙar ta mutu murus, haka tayoyi da wayar birki, dole na sa sababbi. Amma gangar jikin ta dawo, sirdin ya dawo, ƙararrawar ma da na ɗiga mata mai sai ta yi ƙara irin tata ta dā, wadda in muka ji ta muna yara muke rugawa mu buɗe ƙofa.

Ranar wata Asabar na hau shi a bakin wani kogi, maiɗakina ta ɗauke ni hoto, ina sanye da babbar riga a kan rigar sanyi, kamar buhun gero a kan keke. Na tura wa ƙanwata, ta kai aka wanke shi babba. Ta ce Baba ya kai shi dab da idonsa na dama ya daɗe yana kallo, sannan ya sa aka zagaya da shi rumfunan 'yan goro ɗaya bayan ɗaya. Da na kira, abin da ya tambaya shi ne ko ɗaurin ya kwance a hanya. Na ce masa wallahi Baba sai da Turawa suka sa wuƙa. Ya yi dariya har da tari. Maganar tsatsa ban yi ta ba, na kuma hana maiɗakina ta yi.

Da wa'adinmu ya cika, na dawo da keken, a kwali wannan karon. Lokacin idon Baba ya rufe duka. Na haɗa shi a zaure, na turo masa gabansa. Ya bi shi da hannu tun daga kai har sirdi, ya kaɗa ƙararrawa, ya sunkuya ya kama sarƙar ya murza ta tsakanin yatsunsa.

"Wannan ba tawa ba ce."

Na fara kame-kame, ya ɗaga min hannu.

"Soja, motar kayan nan ba ta ma kai nan Mokola kusa da mu ba na tuna ƙarfe na yayyafa wa ruwa. Shekara biyu ina jira ka faɗa."

Na ce ni ma shekara biyu ina addu'a kada ya tambaya. Mahaifiyata daga tsakar gida ta ce ita dai ta gaji da mu, shi ya hana ta gaya min, ni kuma na hana kowa gaya masa, ita ce a tsakiya tana haɗiye dariya. Muka yi ta dariya mu uku, Baba yana share ido da bakin rawaninsa, hannunsa ɗaya bai saki keken ba.

Har yau in na tuna, daɗi nake ji, ba haushi ba. Na ga ƙasashe, na sa kaki iri-iri, amma ban taɓa ɗaukar kaya da ya kai wannan huhun daraja a wurina ba, da warinsa da komai. Baba yana nan da ransa, alhamdu lillahi, keken kuma yana jingine a zaure, hoton yana rataye a samansa. Duk Juma'a yakan sa a goge masa shi da tsumma da mai. In kuwa ya ji wani ya ratso zauren da buta, sai ya ɗaga sanda ya ce a bi ta can gefe.