Jar Tagar Abu Lama

Duk wanda ya zauna a unguwar Nuzla ya san Abdulghaffar. Ko bai san sunansa ba, ya san tafiyarsa: dogo, siriri, jakar kwamfuta a kafaɗa, wuya a karkace kamar mai sauraron gulma ta bayan katanga. Abu Lama ake ce masa, saboda 'yarsa ta fari, Lama. A nan Jidda aka haife shi, a nan aka haifi mahaifinsa. Kakansa ne ya taso daga wani ƙauye a ƙasar Katsina ya zo aikin hajji, ya gama, ya ce bari ya ɗan huta kafin ya koma. Hutun nan har yau ba a gama shi ba. Ga jikan da furfura a gemu, Larabcinsa ya fi Hausarsa santsi, amma a takarda baƙo ne. Da iƙama yake zaune, takardar izinin zaman baƙo, iƙamar kuma tana hannun kafili, wato kamfanin da yake yi wa aiki.

Aikin nasa barmaja ne, rubuta wa kwamfuta umarni. Ba wata makaranta ya yi a kai ba. Yana saurayi ya yi tsaron wani shagon intanet a unguwar Kurayyat, in babu kwastoma sai ya zauna yana tone-tone har abin ya shiga kansa. Daga baya wani kamfanin kayan abinci a unguwar masana'antu ta Jidda ya ɗauke shi. Shi ya rubuta manhajar da ke buga 'yar takardar da ake liƙa wa kowane kwali, mai faɗin motar da za a loda shi da garin da za a kai shi. Maƙwabcinsa Garba, mai gyaran mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, yakan ce bai taɓa ganin aikin banza mai daɗi irin wannan ba: mutum ya zauna cikin sanyi yana yi wa akwati magana, akwatin yana mayar masa da rashin kunya.

Wata rana bayan la'asar kansa ya sara, sara mai tsanani. Ya kwanta, ya tashi, sai ya tarar rabin duniya ya tafi. Ba duhu yake gani ba, ba hazo ba. Duk abin da ke hannun damansa dai babu shi, kamar ba a taɓa halittarsa ba, sai in ya juya kai ya neme shi da gangan. Likitan wani ƙaramin asibiti ya ce hawan jini ne ya taɓa wata jijiya a ƙwaƙwalwa, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Abdulghaffar ya fito ya ce wa matarsa Mastura, "In maganar nan ta kai kamfani, halas, tawa ta ƙare. Ba mai sabunta wa rabin mutum iƙama." Suka rufe ta tsakaninsu.

Lungu kuwa ya samu abin yi. Aka ce Abu Lama ya yi kuɗi ya fara girman kai, don in ka gaishe shi da hannu ta dama sai ya wuce ka kamar turken lantarki. Ya yi karo da motar da ke ajiye a ƙofar masallaci, har ya ba ta haƙuri. Garba ya ce, "Ya shaikh, ko ita ma ka rubuta mata umarni ne ta matsa?" Ya yi dariyar yaƙe ya wuce. A gida Mastura ce ta gane yana cinye rabin faranti ya tashi yana cewa shinkafar yau ta yi kaɗan. In ya cinye ɓangaren hagu sai ta sa yatsa ta juya farantin a hankali, shi kuma ya ci gaba kamar an ƙaro masa.

A ofis ma haka ya yi wa kansa dabara. Manhajar da yake rubutu a cikinta tana da tagogi da yawa a kan allo: babbar taga ta rubutu, siririyar taga ta jerin fayiloli, sai wata ƙarama da ke fito da jan rubutu in an yi kuskure. Ya ja su duka da maus ya cusa su a rabin allo na hagu, kamar matan da suka taru a inuwa ɗaya. Ya ƙara wa haruffa girma, ya mai da bayan allon baƙi, ya gajarta layukansa. Jar tagar kuwa ya ajiye ta a ƙasa ta hagu, daidai inda idonsa ke faɗawa ko bai nema ba. Rabin allo na dama ya bar shi fayau. Abokan aiki suna wucewa suna cewa, "Abu Lama, wancan filin na haya ne?" Yakan ce, "Na ajiye wa magada." Haka aka yi ta tafiya, kwali bai taɓa ɓata hanya ba.

Sai kamfani ya canza kwamfutoci. Mudir, wato manajan kamfanin, Ustaz Thamer, ya ce daga yanzu komai da Larabci, kuma kowane allo iri ɗaya, don in wani ba ya nan wani ya zauna a kujerarsa ya gane. Mohannad, mai kula da injinan kamfanin, shi ya girka, ya kuma kulle saitin don kada kowa ya taɓa. To, Larabci daga dama yake farawa, saboda haka manhajar ta juya fuskarta gaba ɗaya kamar a madubi. Abin da ke hagu ya koma dama. Jar tagar ta tashi daga inda Abdulghaffar ya zaunar da ita, ta je ta maƙale a can kusurwar dama, a ƙasar da ba ya zuwa.

Da safen farko bai damu ba. Ya kama ta da maus ya jawo ta hagu, ya ƙara girman haruffa, ya yi aikinsa. Washegari ya kunna, ga komai ya koma yadda Mohannad ya bar shi. Ya sake jawowa. Ya nemi inda ake adana tsarin tagogi, ya adana, ya sa masa suna. Da gari ya waye babu tsarin babu sunan, don injin yana wanke kansa duk lokacin da aka kashe shi. Ya ce to ba zai kashe ba, ya tafi gida ya bar shi a kunne. Ashe an saita shi yana kashe kansa bayan an tashi. Ya shiga wurin canza harshe, ya tarar da shi a dushe, ka danna har yatsa ya gaji. Abin da ya fi ci masa rai, ko a cikin yini ɗaya, duk sa'ad da ya gwada aikin, jar tagar sai ta ɓalle ta koma gidanta na dama, shiru, ba ƙara ba sallama.

Ya tura allon can ƙarshen tebur ta hagu. Ya karkata kujera har bayansa ya fara ciwo. Ya liƙa jan salatif a gefen allon don ya riƙa tuna masa ya waiwaya. Duk a banza, don ramin ba a allon yake ba, a cikin kansa yake, duk inda ya kai ido yana biye da shi. In ya tuna ya juya kai, zai ga tagar sarai. Amma wanda hankalinsa ya nutse cikin aiki ba ya tuna neman abin da ƙwaƙwalwarsa ta rantse masa babu shi.

Ya je wurin Mohannad yana wasa da murya. "Ya akhi, buɗe mini saitin nan mana. Na saba da nawa tsarin."

"Kowa ma ya saba da nasa, ya Abu Lama," in ji Mohannad, idonsa na kan waya. "In na buɗe maka, gobe duk ofis a kaina. Akwai dalili? In akwai, faɗa wa mudir, yanzu na buɗe."

"Dalili kuma? Tsufa."

"Tsufa ba ya cikin abin da aka ba ni izini," Mohannad ya ce yana dariya. "Yalla, za ka saba."

Da ya gaya wa Mastura, ta ajiye tsintsiya ta ce, "Abu Lama, ka faɗa musu gaskiya. Shekara nawa kana yi musu aiki? Mutane ne fa."

"Mutane ne, amma kamfani ba mutum ba ne. In na faɗa, yau za su buɗe mini taga, ranar sabunta iƙama su buɗe mini ƙofa."

"In ka yi shiru fa?"

"In na yi shiru, wataƙila."

A kan wannan wataƙilar ya rayu har gab da azumi, lokacin da sito ke cika da dabino da shinkafa da man girki, motoci suna layi har titi. Thamer ya aiko a ƙara sababbin garuruwa a manhajar, kuma yau-yau. Abdulghaffar ya zauna tun safe yana rubutu, waya na ƙara, direbobi na leƙowa. Ya gama, ya gwada. Allon hagu tas, babu ja ko ɗigo. Da can wannan shi ne alamar lafiya, kuma hannunsa ya riga tunaninsa. Ya danna, ya tura wa sito. A kusurwar dama kuwa jar tagar tana nan cike da rubutu, tana faɗin sunayen garuruwa sun zame da layi ɗaya.

Kafin azahar ta washegari, kayan Makka suna hanyar Yanbu, na Ɗa'if sun sauka a Rabigh. Masu shaguna suka yi ta kira suna zagi.

Abdulghaffar yana zaune yana tono inda ɓarnar take, bai san Thamer ya shigo ba. Mudir ya zo ya tsaya a damansa, dab da kafaɗarsa, ya miƙa hannu yana nuna kusurwar allon da yatsa. Ya tsaya. Ya ci gaba da tsayuwa. Kowa a ofis ya bar abin da yake yi. Abdulghaffar kuwa yana ta danne-dannensa, har da ɗan sosa gemu.

"Abu Lama."

Ya zabura, ya juya gaba ɗaya da kujera, ya ga mutum kamar daga ƙasa ya tsiro.

"Tun ɗazu nake nan," Thamer ya ce a hankali. "Wannan jan rubutun, ba ka gan shi ba?"

Ya bi yatsan da ido. Ga shi nan, ja wur, irin na jiya. Ya buɗe baki zai ce gajiya ce, sai ya ga yadda mudir ke kallonsa, ba da fushi ba, da irin kallon da ake yi wa mara lafiya. Wannan kallon ne ya karya shi. Ya ce, "Ba na ganin dama, ya Ustaz. An daɗe."

Thamer bai yi faɗa ba, kuma da ya yi faɗan da ya fi sauƙi. Ya kira shi ofis, ya sa aka kawo shayi, ya ajiye masa kofin ta hagu. Ya ce ma'alesh, a yi haƙuri, ya ce Allah ya ba da lafiya, ya ce shi ma a ƙarƙashin wasu yake. Iƙama za ta ƙare bayan sallah, kamfani ba zai sabunta ba. In ya samu wani kafilin, za su sake shi da hannu biyu. In bai samu ba, sai fita ta ƙarshe daga ƙasar.

"Da na faɗa tun farko fa?" Abdulghaffar ya tambaya.

Thamer ya daɗe yana juya cokali a kofi. "Wallahi ban sani ba," ya ce.

Da ya koma tebur ya tarar da Mohannad a kujerarsa, fuska ba daɗi. Ya danna nan, ya danna can, kafin shayi ya huce ya buɗe saitin. "Shi ke nan fa abin," ya ce, bai iya haɗa ido da shi ba. Abdulghaffar ya zauna ya jawo tagoginsa ɗaya bayan ɗaya, ya mai da jar tagar ƙasa ta hagu. Washegari ya kunna ya same ta a inda ya bar ta. Da wannan tsarin ya yi sauran kwanakinsa, yana rubuta bayanin aikin don wanda zai gaje shi. A ranar ƙarshe shi da kansa ya mayar da allon yadda kamfani ke so.

Ya zaga neman kafili har takalminsa ya cinye. Duk inda ya je sai a dubi furfurar, a dubi wuyan da ke karkace, a ce za a kira shi. Lama ta nemo masa sunan ƙauyen kakansa a taswirar waya, ɗan ɗigo a tsakiyar fili. Ya kalla ya kalla, ya ce, "Wa zan ce musu ni ne?"

Yanzu da la'asar yana zama a dakalin ƙofar gida, jakar kwamfutar a gefensa ko da babu inda za shi. Lungu ya san komai, ba mai cewa girman kai kuma. Garba yakan zo ya zagayo ta hagu ya zauna, ya ce, "Ya shaikh, in ka isa can ƙauyen kakanka ka rubuta wa awaki umarni su riƙa bin layi." Abdulghaffar ya ɗan murmusa, Garba ma ya bar maganar, don tsokanar ta daina daɗi.

Jiya Mastura ta kawo musu abinci nan waje. Ya ci ɓangarensa na hagu, ta miƙo yatsa za ta juya farantin kamar kullum, sai ya dafa hannunta.

"Bar shi, Ummu Lama," ya ce. "Na san yana nan. Na ƙoshi ne."